Fuskar Lapa a Bangon Hisabi

Daga Montevero, bayan Kirsimeti, shekara ta 1338

Zuwa ga ƙanena Bindo, a mafasar farin dutse da ke saman Karrara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Cilia da yara, kuma sanyin tsaunin nan bai karya muku ƙashi ba. Cuku da busasshen ɓauren da ka aiko ta hannun masu keken shanu sun iso, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Cukun dai ɓera ya riga ni ɗanɗanawa a hanya, amma ya yi adalci, ya bar mini rabona.

Bindo, nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran, don na san halinka.

Ka san bangon babban coci ta ciki, wanda ke saman ƙofar fita, inda Maigida Berto mai zane ya kwashe tun bazara har kaka yana zana Ranar Hisabi. Da sanyi ya kama, ya tattara kayansa ya tafi Lukka gidan surukinsa, ya bar aikin a rufe da katakan hawa da tsummoki. To, masu kula da ginin suka ga Bishop zai zo sujadar Kirsimeti, ga shi suna son katakan don tokare rufin hasumiyar ƙararrawa, sai suka kwashe komai. Aka idar da sujada, jama'a suka juyo za su fita, kowa ya ɗaga kai.

Saman an gama shi, kuma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Almasihu na kan kursiyinsa, ga manzanni, ga masu busa ƙaho. Ta hannun damansa masu tsira sun jeru cikin fararen kaya. Ta hagu kuwa, can ƙasa, yaɓe ne tsirara, sai jan zanen harsunan wuta da hannuwan shaiɗanu da ba a cika ba. A tsakiyarsu fuska ɗaya tak aka gama da fenti. Tawa ce, Bindo. Ba kama ba, ni ce, har da tawadar Allah da ke gefen hancina. Haƙora a cije, gashi ya barbaje ya manne da gumi, idanu kamar za su zazzago, ina kallon ƙasa cikin wutar.

Kowa ya juyo yana kallona. Sai Meo mai gyaran takalma, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce, “A'a! Lapa ungozoma, yaushe kika riga mu isa?” Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar ba a ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Mata na cewa mai zanen coci da azumi da addu'a yake aiki, ba ya sa mutum a wuta haka kawai, akwai abin da aka nuna masa. Duk jaririn da ya taɓa mutuwa a hannuna an tono shi ana lissafi, waɗanda ke yawo da ƙafafunsu a kasuwa kuwa an manta wa ya ciro su. Yanzu wata Bice ake kira daga ƙauyen bakin kogi, wadda ba ta san komai ba sai danna ciki da kiran sunayen waliyyai.

Ba yunwa nake tsoro ba. Fiore nake tsoro wa, 'yar ƙawata marigayiya Tessa. Tana da cikin fari, haihuwar kafin Ista ce, kuma zaman cikin bai yi mini ba ko kaɗan. Uwar mijinta, Ghisola masaƙiya, ta rantse ba zan taka mata bakin ƙofa ba. In aka bar yarinyar nan da Bice, ban san abin da zan gaya wa Tessa ranar da muka haɗu ba.

Me na yi wa mutumin nan? Da kaka 'yarsa Nencia ta yi naƙuda a ɗakin da suka kama haya, na sha baƙar wuya na fito mata da ɗa da rai. Tukuicina ke nan?

Ka gaishe da Cilia, ka shafa mini kan yara. Budurwa Maryamu ta tsare ku.

Yayarka, Lapa

Daga Karrara

Yaya Lapa,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ban zauna ba, a tsaye na karanta, kuma na yi jifa da guduma har ta kusa samun alfadarin mutane.

Kakanmu da igiya a ƙirji ya ja duwatsun harsashin cocin nan. Baba ya ɗora ginshiƙan nan masu layin baƙi da fari har ƙurar dutse ta cinye masa huhu. Ni ga ni nan ina fasa na fuskar gaba, wadda na san ba zan ga ƙarshenta ba. A gidan da muka gina da hannunmu ne wani mai wasa da burushin gashin alade zai jefa ki wuta? Kai! Ba a haife shi ba.

Na riga na ɗaure ƙarfen sassaƙa da guduma zan taho in kankare wurin, sai Cilia ta tare ƙofa. Ta ce in na taɓa bangon coci rataye ni za a yi, ki tashi da fuska a wuta da ƙane a igiya. Ta ce ramin da zan bari a bangon ma sai ya fi fuskar yi miki surutu. Na yi ta masifa, amma dai gaskiyarta ce.

Don haka Lukka za ni. In damƙi wuyan rigar tsohon nan ya gaya mini da bakinsa abin da ya gani. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya yanzu, ana buɗewa zan kama hanya, mai aikin ya so ko kar ya so.

Ke kuma kada ki daina zuwa coci. Ki tsaya inda kika saba tsayawa, ki fita ta babbar ƙofa kanki a sama. In Meo ya sake buɗe baki, ki ce masa ina tafe, kuma ban manta wanda na tsoma a kwamin ruwan shanu muna yara ba.

Allah ya bar mini ke.

Ƙanenki, Bindo

Daga Montevero, farkon azumin da ake yi kafin Ista

Ƙanena Bindo,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. An ce har yanzu hanya ba ta buɗe muku ba, don haka nake sa ran wannan za ta same ka. Na gode da ka ji maganar Cilia. Tun ranar farko na san matar nan ta fi ka hankali, abin da ban gane ba har yau shi ne yadda aka yi ta yarda da kai.

Ina zuwa coci kamar yadda ka ce. Da wuya, amma ina zuwa. Kuma kada ka taɓa Meo. Kunya ta ishe shi, shekaranjiya na tarar da takalmana da na ajiye a ƙofa an sake musu ƙasa, ɗinkin nasa ne ko a ina na gan shi. Matar mai burodi ma, Diamante, ba ta gaishe ni a gaban mutane, amma kullum burodina ya fi na kowa girma. Ina ganin irin waɗannan, ina gode wa Allah.

Na je wurin Fada Anselmo, limamin cocinmu. Tsohon ya kama hannuna muka tsaya ƙarƙashin bangon, ya daɗe yana ƙifta ido. Ya ce, “'Yata, ni ban san zane ba. Amma wanda ke ƙonewa sama yake kallo yana neman agaji, ke kuwa ƙasa kike kallo.” Ran Lahadi ya faɗi haka a gaban jama'a, Allah ya saka masa. Sai mata suka ce ai Fada ko akuya da kare ba ya bambancewa yanzu.

Jiya na haɗu da Fiore a rijiyar dandali. Ta ja ni bayan katanga ta ɗora hannuna a cikinta, ta ce, “Inna Lapa, taɓa ki ji.” Bindo, abin da nake gudu ne. Kan yaron yana sama ƙarƙashin haƙarƙarinta, ƙafafu ne a ƙasa. Ta ga fuskata ta ce, “Inna, mutuwa zan yi?” Na ce, “Rufe mini baki. Uwarki ma ta yi mini tambayar nan ranar da za ta haife ki, ta kuma rayu har ta zane ki a kan satar inabi.” Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Sai ga Ghisola kamar an jefo ta. “Sakar mini suruka! Hannun da aka nuna mana makomarsa ba zai taɓa jikana ba.”

Na ce, “Ghisola, ji tsoron Allah. Hannun nan ne ya ciro ɗan naki da kike taƙama da shi.”

Ta ce, “A lokacin ba mu sani ba.”

Na bi su ina cewa yaron ta ƙafa zai zo, kada a bari a danna mata ciki, kada a ja shi da ƙarfi. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Raina ya ɓaci har na kasa ɗaukar tuluna.

Yi sauri in hanya ta buɗe, lokaci yana ƙurewa. Amma kada ka doki tsohon, ka ji ko? Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Yayarka, Lapa

Daga Lukka

Zuwa ga Uwargida Lapa, ungozomar Montevero, daga Berto mai zane.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ina sanar da ke cewa ƙanenki ya iso. Ya ɗaga ni daga kujera da hannu ɗaya kafin ya faɗi sunansa. Da na ji abin da ya kawo shi, na ce masa ya ci gaba, na cancanta.

Uwargida, wa ya ba su izinin kwashe katakan? Ba a nuna bango rabi. Ko mai dafa abinci ba ya kai ɗanyen ƙulli gaban baƙi. Bari in gaya miki yadda aikinmu yake. Da ɗanyen yaɓe muke yinsa. Da safe a shafa daidai inda hannu zai iya zanawa kafin ya bushe, fentin ya shige cikin farar ƙasa ya zama jikin bango. Fuska guda aikin yini guda ce. Ranar da na yi taki, washegari na tarar ruwa ya daskare a tulu, kuma yaɓen da sanyi ya kama ba ya riƙe bango, dole na tsaya. Shuɗi da zinariya kuwa ba sa shiri da ɗanyar farar ƙasa, sai an gama komai bango ya bushe ake sa su. Fukafukanki shuɗi ne. Hasken da zai zagaye kanki zinariya ne.

Mala'ika ce ke a wurin, wanda ke tsaye a bakin wuta ya sunkuya yana fizgo rai daga hannun shaiɗan. Na daɗe ina neman fuskarsa. Na gwada kyawawan samarin garinku, duk suka fito kamar masu jiran a zuba musu miya. Na san ba haka fuskar mai ƙwace rai take ba, amma ban san yadda take ba.

Ranar naƙudar Nencia, da tsakar rana, kun kore ni waje kamar yadda ake korar maza. Aka nemi ruwan zafi ba mai kawowa, na kawo, ƙofa a buɗe. Na gan ki a durƙushe, kin riƙe ƙafafun jikana, kina magana da wani wanda ni ban gani ba. Cewa kike, “Ba za ka tafi da shi ba. Na ce ba za ka tafi da shi ba.” Na ajiye ruwan na fita.

Ban gaya miki ba don na so ya zama kyauta ranar buɗe bango. Ni ba ni da baki mai daɗi, godiyata a hannuna take. Ga shi ta zame miki wuta. Ki yafe mini.

Ba zan iya gyarawa yanzu ba. Ko an ɗauko ni a kafaɗa, yaɓe ba zai kama ba sai sanyi ya karye bayan Ista, kuma ƙanenki ya ce Fiore za ta haihu kafin lokacin. Wannan ne ya hana ni cin abinci tun jiya.

Jikan nawa yana nan ya yi ɓul-ɓul, yana ja mini gemu. Ke kika ba mu shi.

Mai ƙaunar alherinki har kullum, Berto

Yaya,

Gaisuwa. Ban doke shi ba, girgiza shi kawai na yi kaɗan. Tsohon ya yi kuka har ya ba ni kunya, daga ƙarshe ni ne nake ba shi haƙuri.

Ga takardarsa nan na haɗo da tawa, amma na ce masa takarda ba za ta yi ba. Ghisola ba ta karatu, in an karanta mata kuma za ta ce shaƙe shi na yi ya rubuta, kuma ba za ta yi ƙarya sosai ba. Muna cikin wannan sai Nencia ta shigo da goyonta, ta ce ita za ta je. Mijinta ya ce da jariri a wannan sanyin? Ta ce da ba don matar nan ba, da yanzu kabari biyu kake kai wa furanni, matsa ka ba ni hanya. Na samo alfadari. Ni zan ja shi.

Ki tanadi wake da man zaitun da yawa, yarinyar nan tana da ci. Sai mun iso.

Bindo

Daga Montevero, tsakiyar azumi

Zuwa ga Maigida Berto,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ciwon ƙirjin da Nencia ta ce yana damunka ya yi sauƙi. 'Yarka da jikanka sun iso lafiya, suna gidana, kuma ba zan sake su ba sai rana ta yi ɗumi. Takardarka na karanta ta har ta fara yagewa. Babu abin yafewa tsakaninmu. Tun da nake, ba a taɓa gode mini irin haka ba, ko da yake da ka rage mini hancin nan kaɗan da ba ka yi zunubi ba.

Bari ka ji abin da 'yarka ta yi. Ran Lahadi aka idar da sujada, jama'a suka juyo kowa ya sunkuyar da kai, don yanzu haka ake fita. Sai ga Nencia a tsakiyar babbar ƙofa da yaron a hannu, Bindo a gefenta kamar an ƙara ginshiƙi. Ta ce, “Ni ce 'yar mai zane. Ba mai fita sai na gama.” Ta kware zanen yaron ta ɗaga ƙafafunsa. Ta ce ta nan ya zo, ba numfashi, jikinsa kamar toka. Ta faɗi maganar fukafukai da zinariya, mutane suna ta kallon juna, na ga ba ta shige su ba.

Ita ma ta gani. Sai ta ce, “To, maza ku yi shiru, wannan ba taku ba ce. Duk macen da ta haihu a hannun matar nan, ta ɗaga kai ta duba da kyau. A ina kika taɓa ganin fuskar nan?”

Mata suka ɗaga kai suna duba bangon. Can sai Diamante matar mai burodi ta dafa ƙirji ta ce, “Wayyo Allah! Haka ta yi mini ranar 'yan biyu! Na ɗauka cinye ni za ta yi!” Ta fashe da dariya. Wata ta ce, “Ni ma, na rantse! Har da haƙoran nan!” Kafin ka ce me, cocin ya kaure, wasu na dariya, wasu na kuka, wasu duka biyun. Meo ya ce wa matarsa, “Wai me ake yi wa dariya?” Ta ce, “Yi mana shiru, kai lokacin kana shagon giya.”

Maigida, duk matan da ke wurin ni kaɗai ce ban taɓa ganin fuskar nan ba. Ina zan gan ta? Na tsaya ina kallon matar da ke bango, na ce ashe haka kike, baiwar Allah. Nan ne na yi kukan da na riƙe tun Kirsimeti. Suka yanyame ni, wannan na jan hannuna, waccan na neman gafara, har mayafina ya ɓace a cikinsu.

Amma ba zan ɓoye maka ba, wadda nake nema ban same ta ba. Ghisola ta kalli bangon, ta kalle ni, ta kama hannun Fiore suka fita ta ƙaramar ƙofar gefe. Mace ce da in ta yi rantsuwa a gaban mutane, gara ta haɗiye garwashi da ta janye. Cikin ya sauka. Yau ko gobe ne. Ka sa mu a addu'a.

Bindo ya koma bakin aikinsa yana gaishe ka, ya ce ka yafe masa wuyan rigar. Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya kawo mana kai lafiya bayan Ista.

Mai godiya, Lapa

Bindo ƙanena,

Gaisuwa. Na gaji tilis, ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya da hantsi ina shanya sai ga Ghisola da kanta, kai ba ɗankwali, takalmi a ƙafa ɗaya. Tun shekaranjiya Bice ke kan yarinyar, daga ƙarshe ta ce a kira Fada. Ghisola ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, “Lapa.” Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ban jira saura ba.

Jaririyar ta ƙafa ta zo, mace ce. Ta daɗe ba ta yi kuka ba, sannan ta yi, har maƙwabta suka ji. Fiore ta wahala ƙwarai, amma tana raye, ɗazu ma ta sha romo.

Ghisola ce ta riƙe mata kafaɗu tun farko har ƙarshe, idonta a kaina. Da aka gama ina wanke hannu, ta zo ta tsaya a gabana ta ce, “Lapa, yau kin fi ta bangon nan muni.” Na ce na sani. Sai ta durƙusa ta kama hannuwan nawa da jiƙarsu, ta kifa fuskarta a ciki, ta ƙi saki.

Na gode, ɗan'uwana. Ka gode mini wa Cilia. Zan je in kwanta.

Yayarka, Lapa